Ganye Biyu a Cikin Samira

Har gobe ba na jin zan manta da ranar da Baba Ummaru na Gehuru ya ce da ni gari na wayewa zai sa garma ya kife shinkafar da na ba shi. Ina ba da labarin ne saboda ku da kuka fara aiki tare da mu bana, domin kuskuren da ya jawo abin nawa ne, kuma kowane sabon malamin gona zai iya yin irinsa.

Daminata ta biyu ke nan a aiki. Ina ƙaramar malamar gona a ofishinmu na Jega, ƙarƙashin Malam Bello, babban jami'in da ke kula da Jega da Aliero da Maiyama. A shekarar aka turo mana sabon irin shinkafa mu gwada, wanda masu bincike suka ce yana jure cutar ƙuna. Ga wanda bai san cutar ba, wata fumfuna ce ke kawo ta. Ƙurarta takan bi iska ta sauka a kan ganye mai raɓa, ta huda shi, ta bar tabo mai siffar ido, tsakiyarsa toka-toka. In ta yi ƙarfi sai ta hau wuyan zangarniya ta shaƙe shi, zangarniyar ta tsaya fara fat, ba ƙwaya.

Tsarin gwajin ba shi da wuya. Manomi zai ba da rabin gonarsa a dasa sabon iri, ɗaya rabin ya dasa nasa na gado. Malamin gona kuma ya riƙa zuwa duk mako yana duba ganye, yana rubuta abin da ya gani. Abokan aikina suka ɗauki Jiga Birni da Maiyama, ni aka ba ni Gehuru.

Ranar taron manoma na tashi na yi jawabi, kuma ni mai son magana mai daɗi ce tun ina makaranta. Na ce musu wannan iri cuta ba ta taɓa shi, ganyensa zai tsaya kore shar kamar wanda ruwan asuba ya wanke. Baba Ummaru ne kaɗai ya ce ya yarda, ya ba da rabin fadamar da gidansa ke ci daga gare ta.

Mako na biyar da dashe, cikin watan Agusta, aka yi kwanaki ana lumshi, raɓa ba ta bushewa sai hantsi. Ɗan kabu-kabu ya sauke ni a bakin fadama da azahar, na iske Baba a tsaye a kan kunya, hannuwansa a baya. Ya amsa gaisuwata a gajarce, ya tsinko ganye ɗaya ya miƙo mini. Ganyen cike yake da ƙananan ɗigo masu ruwan ƙasa, kamar an yayyafa masa garin barkono.

"Malama, wanga shi na koren da kic ce? Dubi tawa can, lahiya lau take. Taki ta ad da ƙyanda."

Ya ce yana da ragowar irin dashe na tsohuwar shinkafarsa, kuma in ya ƙara kwana biyu zai tsufa, ba zai dasu ba. Ya riga ya yi magana da mai shanun huɗa ya zo gobe da sassafe ya kife sabon irin, a dasa tsohon. Na dubi rabin gonar, na tuna da yawan bakin da ke gidansa. In na hana shi kuma ya zamana na yi kuskure, rabin abincin shekararsa ya tafi a kan maganata.

Na koma gefe na kira Malam Bello. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗigon yana da toka a tsakiya?"

"Babu, Malam. Ƙanana ne kamar kan allura."

"Kin sunkuya kin duba ganyen ƙasa na tsohon irin?"

Ban duba ba. Na shiga ruwa har ƙauri, na buɗa gindin tsohuwar shinkafar, sai ga su can ƙasa inda ido ba ya kaiwa daga kan kunya: tabo uku, huɗu, kowanne da siffar ido da tokarsa. Na gaya masa. Ya ce, "To kin san abin da kike gani. Amma kada ki sake yi masa alkawari. Nuna masa."

A nan hankalina ya kwanta, domin abin da na karanta ne ke gabana a kan ganye. Muka taka zuwa gida, muka zauna a inuwar darbejiya kusa da darninsa na kara. Na ce, "Baba, in gobara ta kama darnin maƙwabci tana tahowa, me kuke fara yi?"

"Mu kwance namu mu jaye shi mana. Wuta ta iso ta iske ba abin ci."

Na ce to haka wannan shinkafa ta yi. Ganye ɗakuna ne ƙanana jere da juna, ido ba ya ganinsu. A cikin kowane ɗaki akwai wasu sinadarai da ake kira furotin, waɗansunsu aikinsu gadi ne kawai. In fumfuna ta huda ɗaki, takan fara tura nata sinadarai don su kwantar da shukar, ta ci a ɓoye. Idan mai gadin ya gane su, nan take zai sa ɗakin ya kashe kansa, na kewaye da shi su ƙara kaurin bango. Fumfunar kuwa a farkon shigarta ɗaki mai rai take bukata, sai ta maƙale a wurin ta mutu. Kowane ɗigo da ya gani darni ne da aka kwance. Tsohon irinsa ma yana da masu gadi, sai dai ba su san fuskar wannan ɓarawon ba, shi ya sa yake shiga ya zauna ya yi ta faɗaɗa.

Baba ya daɗe yana juya ganyen a hannunsa. Ya ce, "Magana ta yi daɗi, ɗiyata. Amma wadda kiy yi ranar taro ma ta yi daɗi."

Na roƙe shi kwana ɗaya tak, da kwano biyu masu murfi.

A ofis muna da hanyar gane tabon da fumfunarsa ke da rai. Akan sa ganye a cikin mazubi mai laima a rufe shi kwana guda. In tana raye za ta fito da ƙurarta a kan tabon, in ta mutu ba abin da zai fito. Mazubin ofis yana Jega, saboda haka matar Baba, Inna Hajo, ta ɗauko samira biyu daga jerenta, tana yi masa mita.

"Samirar aurena za ku sa ma ciyawa? Malam, in kunka gama sai ku dahwa ku ci, ni ba ruwana."

Na jiƙa tsumma mai tsabta na shimfiɗa a kowace. Baba da kansa ya zaɓo ganyen, sabon iri a samira mai jan fure, tsoho a mai shuɗi. Ya rufe, ya ɗaure kowace da igiyar kaba, ya ce a ɗakinsa za su kwana, kada wani ya ce malama ta musanya. Ya aika wa mai shanu ya dakata zuwa azahar.

Washegari da hantsi na dawo da gilashin ƙara girma. Na iske maƙwabta uku sun riga ni, sun zo kallon yadda za ta kaya. Baba ya kwance mai jan fure tukuna. Na nuna masa yadda ake kara gilashin a ido a matso da ganye. Ɗigon suna nan yadda suke jiya, a bushe, ba su ƙaru ba. Ya buɗe mai shuɗi, ya kara gilashin, sai ya ja kansa baya.

"La ilaha illallahu! Hajo, taho ki gani. Tabon ga ya yi gemu."

Wata toka mai laushi ce ta tsiro a tsakiyar kowane tabo, kamar gashin jikin ɗan tsako. Gilashin ya zagaya hannu biyar kafin ya dawo gare ni. Inna Hajo ta ce a wanke mata samirarta da toka da ruwan zafi tun abin bai haye tuwo ba. Baba ya aika aka sallami mai shanu.

Da kaka sabon irin ya yi zangarniya cikakkiya. Tsohon ma ya ba da abin da ya samu, domin mun rage masa taki mun kula da ruwansa, amma fararen kawuna sun yi yawa a cikinsa. Na shawarci Baba kada ya yar da irinsa na gado, domin fumfuna takan sauya kama, wata shekara mai gadin da ya gane ta bana ya kasa gane ta. Ya ce dama ko ban faɗa ba, ba ya yar da abin da ya gada. Da zai raka ni bakin hanya ya ce, "Da tun ranar taro kin ce mani shinkahwar ga mai hwaɗa ta, za ta yi tabo, da ban kira mai shanu ba. Mu mun san wanda yay yi kokawa ba ya komowa da riga fes."

Abin da na koya ke nan. Manomi ba ya tsoron gaskiya mai tabo, abin da ba ya yafewa shi ne a ce masa kore ya ga ɗigo. Tun daga lokacin, duk taron da zan je da sabon iri, ganye mai ɗigo nake fara fitarwa daga jaka in zagaya da shi hannu-hannu, sannan in kwance bakin buhun iri. Samira mai jan furen nan da kuke gani a kan kabad ɗin ofis, Inna Hajo ce ta aiko mini da ita cike da sabuwar shinkafa. Duk wanda zai fita duba gona cikinku, ya ɗauke ta ya tafi da ita.