Ta Riga Mu

A layin nan babu wanda ya san shi da wani suna sai Daidai. Mai gyaran agogo ne, ɗan shagonsa na manne da na mai aski. Ka ce masa ƙarfe uku ta yi, sai ya ɗaga hannu ya duba, ya ce da saura. Tun yana yaro haka yake. An ce ranar aurensa ma sai da ya saita wa mai ɗaukar hoto agogon hannu kafin ya yarda ya tsaya. Mutumin kirki ne, ban hana ba, amma wallahi zama da shi sai mai haƙuri.

To irin wannan mutumin Allah ya jarabta da wani shirin talabijin, wai shi Tashar Bayan Wata. Labarin wasu mutane ne da suka bar duniya suka gina gari a sararin sama. A tsohon shirin, jirginsu ya kama da wuta tun suna hanya, matar kyaftin ta tafi ke nan, har Daidai ya yi kwana biyu ba ya walwala. Da aka fito da sabon shiri, sai ga matar nan garau, har da furfura, tana yanka kintinkirin buɗe tashar. Tabon da ke kuncin kyaftin na hagu kuma ya tashi ya koma dama, ba wanda ya ce uffan.

"Wannan ai raini ne!" in ji Daidai. "Matar da ta mutu kafin a aza tubali, ita ce ke buɗe gini?"

Ya share teburin aiki, ya jera matattun batura a matsayin shekaru, ƙananan kusoshi a matsayin mutane. Ya matsar da wannan, wancan ya rushe. Mai aski ya leƙo da almakashi a hannu ya ce wataƙila 'yar tagwaye ce. Daidai ya ce ta faɗa da bakinta ita kaɗai iyayenta suka haifa. Mai aski ya ce to mafarki kyaftin ke yi.

"Mafarki da tabo a dama?"

"Kai dai ka sani," in ji mai aski, ya koma ga kan da ya bari rabi.

Da a shago abin ya tsaya, da da sauƙi. A gida akwai Baba, tsohon direban bas, wanda mantuwa ta kama tun bayan rasuwar Inna. Kullum da yamma sai ya sa hula, ya zauna bakin gado yana fama da igiyar takalmi, ya ce, "Ina Innarku? Za mu makara." Daidai kuma, da yake shi Daidai ne, sai ya durƙusa cikin ladabi ya ce, "Baba, Inna ta rasu. Shekara ma ta zagayo." Nan take tsohon zai saki igiyar ya fashe da kuka, kukan wanda yanzu aka kawo masa labari. Ba zai taɓa abinci ba sai gobe. Goben kuma a sake.

Ƙanwar Daidai, mai aikin jinya a wani gari, ta zo dubiya ta tarar Baba ya rame har wuyan riga na yi masa yawo. Ta ga abin da idonta, ta ja yayanta bayan ƙofa.

"Yaya, don girman Allah, ka ce masa ta je kasuwa mana!"

"Ta je kasuwar?"

"Ba ta je ba, amma..."

"To ni ban iya ƙarya ba. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata."

"Ana ga yaƙi kana ga ƙura! Kullum sai ka kashe masa mata? Ni kam na gaji. In haka za a ci gaba, da shi zan koma."

Ba wasa take ba, don a ranar ta sauko da jakar Baba daga saman kabad ta kakkaɓe ta. Abin ya soki Daidai ƙwarai. Shi ke yi wa tsohon nan wanka, shi ke yanke masa farce, kuma bai san yadda gidan zai zama ba in ɗakin ya koma fayau. Amma bakinsa ya ƙi lanƙwasuwa. Ya gwada a banɗaki, shi kaɗai, ya ce "ta je kas..." ya kasa ƙarasawa.

Washegari bai buɗe shago ba. Haushi ya ishe shi, ya zauna a falo ya kunna tsohon shirin, daidai wurin gobarar, wurin da ya kalla har ya haddace. Baba na gefe a kujerarsa yana gyangyaɗi. Ga hayaƙi, ga ihu, wani ya riƙo kyaftin yana tambayar ina matarsa. Kyaftin ya dubi tagar jirgin ya ce, "Ta riga mu."

Daidai ya mayar baya ya sake ji. Ya ƙara murya ya kuma sake. Ta riga mu, shi ke nan. Babu "gidan gaskiya" ko kaɗan, shi ne ya yi ta cikasa maganar da kunnensa shekara da shekaru. Ga ma ɗan ƙaramin jirgin ceto can a kusurwar tagar yana nisa, ƙuru-ƙuru.

"Kai! Amma an cuce ni," ya ce da ƙarfi. "Ashe gaba ta yi! Duk baturan nan da na jera!"

Ihun ne ya farkar da Baba. Tsohon ya laluba hularsa ya sa, ya jawo takalmi, ya sunkuya kan igiya. Ƙanwar ta fito daga ɗaki da jaka a hannu ta tsaya bakin ƙofa, ta kafe yayanta da ido.

"Ina Innarku? Za mu makara."

Daidai ya durƙusa kamar kullum.

"Ta riga mu, Baba."

Baba ya ɗago, ya yi tsaki, sannan ya yi 'yar dariya.

"Halinta ke nan. Ba ta taɓa jiran mutum ya ɗaura takalmi ba." Ya tuɓe takalmin ya tura ƙarƙashin kujera. "To tunda ta yi gaba, saurin me muke? A ba ni abinci. Ai can za mu same ta."

"Za mu same ta, Baba," in ji Daidai.

Ƙanwar ta ajiye jakar a hankali, ta wuce kicin tana share ido da bakin mayafi.