Wadda Ake Gyarawa a Shinkafi

Shekarar da munka baro Galadi munka koma cikin Shinkafi, ba gona, ba sana'a. Shanun huɗa kaɗai na tsira da su, kuma babu inda zan yi huɗar. Babbar ɗiyata tana gida da yaranta tun da 'yan bindiga sunka tare mijinta a hanyar Kaura, bai dawo ba. Ta taɓa koyon buga takardu a kwamfuta, ita ta ce in saida shanun mu buɗe ɗan shago bakin kasuwa. Na daɗe ina juya maganar, daga baya na saida.

Ran da za a tafi Kaura sayen kwamfutar na ce ta zauna gida. Ta ce, "Baba, kai da ko wayarka sai an buɗe maka?" Dole munka tafi tare. Cikin mota ba mai hira, direba ya kashe rediyo, kowa idonsa na daji. Da munka zo daidai wurin da abin ya faru, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni kuma na yi ma kaina alkawari ba za ta sake bin hanyar ga ba.

Mai shagon kwamfutar a Kaura wani ƙaton mutum ne mai yawan dariya. Ya ce harhaɗa kwamfutar za a yi, sai mun zaɓi furosesa. Ya aje wasu 'yan ƙarafa biyu kan tebur, ko tafin hannu ba su cika ba, ɗaya da baƙin tambari, ɗaya ruwan ɗorawa.

"Ƙwaƙwalwarta ke nan, Alhaji. Kamfani daban-daban ne, amma kowace kai biyu gare ta, kamar shanu biyu a karkiya guda."

"Ni ba Alhaji ba ne," na ce. "Shanun kuwa, su ne na kawo maka."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce baƙar ta fi sauri, ba ta ɗaukar zafi, ba ta shan batirin sola. Ruwan ɗorawar tsohon yayi ce, amma ta yi yawa a gari. Kuma kowace da irin allon da ake ɗora ta, in ka zaɓa ka zaɓa ke nan. Ɗiyata ta riga ta ɗora yatsa kan baƙar.

Na ce, "In ta lalace, wa zai gyara?"

"Ga ni."

"A Shinkafi nake nufi."

Ya sosa ƙeya. Ya ce akwai mai gyara guda bayan tasha, amma kayan ruwan ɗorawa kaɗai gare shi. Baƙar, sai dai a kawo Kaura.

Na ce, "Haɗa muna ruwan ɗorawar."

"Baba!" in ji ɗiyata. "Ni zan zauna gabanta wuni guda, ba kai ba. Mi ka sani a ciki?"

"Ban san komi ba. Halinki na sani. Ran da ta mutu, naɗe ta za ki yi a zane ki nufi tasha ko sallama babu."

"To don tsoron hanya sai mu sayi jaki a madadin doki?"

"Jakin dai."

Mai shago ya ce, "Haƙuri, ƙanwata, mai shanu ya yi magana." Ya haɗa, na biya, munka ɗauko ta munka komo gida.

Da damina da sanyi aiki ya tafi lafiya lau, har na fara ganin na yi dabara. Bazara na shigowa, ga rufin kwano, sai kwamfuta ta riƙa mutuwa tsakiyar aiki. Kafin la'asar batiri ya ƙare. Mutum zai zo da takardar neman aiki, ya gaji da jira, ya karɓe abinsa. Na sha tarar da ita tana yi ma akwatin kwamfutar fifita da mafici, ita kanta zufa na zuba. Ba ta taɓa cewa ai ta faɗa mini ba. Da ta ce, da ya fi mini sauƙi.

Sai mai gyaran bayan tasha ya kwashe iyalinsa ya koma Gusau, kamar yadda mutane da yawa sunka yi. Ba a daɗe ba kwamfutar ta mutu ta ƙi tashi. Da safe na fito na ga akwatin a naɗe cikin zane bakin zaure, takalmanta a gefe. Kafin ta gama shirya yara na ɗauka, na ari mashin na ɗaure a baya.

Da na isa Kaura, mai shagon na hango ni ya ce, "Mai shanu! Jakin ya kwanta?" Ban yi dariya ba. Na tambaye shi, da baƙar munka saya, da ta kai haka? Ya ce Allah kaɗai ya sani, zafin bana ba abin da ya bari.

Tun daga nan ni ke kai ta Kaura duk sadda ta mutu. Ɗiyata kan tsaya bakin shago har in sha kwana, sannan ta ja mayafi ta rufe fuska kamar ranar nan cikin mota. Ita dai ba ta sake hawa hanyar ba.