Jan Fure a Gaban Madubin Ghislaine

Ranar Lahadi da rana, saura rabin awa a ɗaga labule a wasan ƙarshe na shekara, Ghislaine Roumier ta shiga ɗakin kwalliyarta ta tarar da damin fure a gaban madubi. Jajayen furanni ne, irin waɗanda Faransawa ke kira œillet. Ta tsaya cak, jaka a hannu.

Duk wanda ya tashi a gidan wasan kwaikwayo ya san wannan saƙon. In manaja zai riƙe 'yar wasa baɗi, wardi yake aika mata. In zai sallame ta, œillet.

Shekararta sittin da ɗaya. 'Yar mai gasa burodi ce daga Limoges, ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris tana 'yar sha tara, da akwati ɗaya da takalmin aro. Fim goma sha huɗu ta yi, kullum mai aikin gida ko maƙwabciya mai tsegumi. Mutane sun san fuskar, sunan ne ba su sani ba. Wannan ƙaramin gidan wasa na Lyon kaɗai ya taɓa rubuta sunanta da manyan baƙaƙe a bakin ƙofa.

"Wa ya kawo?" ta tambayi Maryse, mai shirya ta.

"Mai gadi ya miƙo. Zauna in kama miki gashi, Madam."

"Ke ma kin gani."

"Na gani, ba makanta na yi ba. Ki yi wasanki tukuna, gobe a yi rigimar."

Ghislaine ba ta jira gobe ba. Ta sunkuci damin sai ofishin manaja, Musyu Delcourt, ta same shi yana cin burodi da cuku. Ta dire furen a kan takardunsa.

"Shekara ashirin da biyu, Musyu, ka kasa faɗa mini da bakinka? Ba sai ka kore ni ba. Daga yau na gama."

Ya dubi furen, ya dube ta. "Ni ban aika wa kowa fure ba bana."

Ta jira ya yi dariya, ya ce ta je ta sa kayanta ta bar shirme. Sai ya kakkaɓe gashin bakinsa a hankali.

"Amma tunda ke kika yanke, Madam Roumier, ba zan tsaya miki a hanya ba."

Da ta koma, Maryse na riƙe da ɗan kati da ta tsinta a ƙarƙashin tebur. Ta karanta mata: "Daga yayanki Aimé. Na rufe shago na zo, ina layi na uku. Mai furen ta ce waɗannan sun fi daɗewa ba su bushe ba."

Aimé bai taɓa taka gidan wasa ba tun da aka haife shi.

"Koma ki nuna wa manaja katin," in ji Maryse.

"Ba ki ga saurin da ya amsa ba. Da ma jira yake."

Daga bayan labule aka buga sandar fara wasa, sau uku. Ghislaine ta tsinci fure ɗaya da ya faɗi a bakin ƙofa, ta maƙala a ƙirjin rigarta.

"Da wannan za ki hau dandamali, Madam?"

"Me kuma ya rage zai yi mini?"

Ta gyara wuyan rigar, ta fita cikin hasken tana neman layi na uku.