Matar da Ba Ta Juyo Ba a Waƙar Laminu

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Laminu. Da safe ya faɗi a bakin tashar jirgin ƙasa na metro a Paris, yana hanyar zuwa aiki, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari shi ne gita mai aiki da lantarki, da waƙa guda da mutane suka sani, wadda ya sa wa suna "Ƙeya". Duk shekara idan lokacin ya zagayo sai wani ya turo mini bidiyonta a waya, haɗe da dogon bayani a kan abin da take nufi, sai ka ce ba ciki ɗaya muka fito da mai waƙar ba.

Karatun aikin ruwa ne ya kawo shi Lyon daga Damagaram, ba kiɗa ba. A can ya haɗu da wasu samari uku, suka riƙa taruwa a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a unguwar La Guillotière, ƙasan shagon wani Balarabe mai sayar da kayan miya, suna kiɗan da ake kira rok. Ranar da na fara zuwa na ji su, na ce masa na rantse da a gida ne da maƙwabta sun fito da bokitin ruwa, sun zaci gobara ce. Ya yi dariya ya ce kunnena ne na ƙauye. Haka muke da shi, shi babba ni auta, ba ya minti biyar bai tsokane ni ba.

Ga wanda bai taɓa ganin bidiyon ba, ba wani abu ne mai yawa a ciki ba. Wata mata ce da zanen atamfa da kallabi take tafiya, ana ɗaukar ta daga baya. Ta ratsa layin shagunan La Guillotière, ta hau gadar kogin Rhône, sai kuma a gan ta a kasuwar Barbès a Paris, ƙarƙashin gadar da metro ke bi ta sama, tana kutsawa cikin masu sayar da tumatir da kifi. Laminu na biye da ita da gitarsa a rataye, yana waƙa da iyakar ƙarfinsa har jijiyar wuyansa na tashi: "Na san ƙeyarki, ban san idonki ba. Ki juyo sau ɗaya, ba zan faɗa wa kowa ba." Ba ta juyowa. Can wajen ƙarshe sai ta tsaya a wani benci, ta ajiye kwano mai murfi ba tare da ta dubi baya ba, ta ci gaba da tafiya. Shi kuma ya zo ya zauna kusa da kwanon. Ganga ta yi shiru, gita ta yi shiru. Bai buɗe shi ba, har hoton ya ɗauke.

Masu fassara kuwa sun yi ta yi. Wani nasara da ke rubutu a kan kiɗa ya ce matar Faransa ce, wadda baƙi ke bi tana juya musu baya, kwanon kuma sadakar wulaƙanci ce da ake ajiye wa baƙo a ƙasa. Ɗalibanmu na Nijar suka ce a'a, ƙasarmu ce, mai haihuwar 'ya'ya ta tura su duniya ba ta waiwaye su ba. Dattawan da ke tsayawa hira bayan sallar Juma'a su ma suna da tasu: budurwa ce ta ƙi shi. Har wani Alhaji ya tare ni yana girgiza kai, ya ce, "Ɗiyata, ki yi wa wanki magana. Ɗan gidan mutunci yana bin mace a titi da garayar nasara!" Laminu bai taɓa gyara wa kowa ba. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce, "Yadda ka gani, haka ne."

An ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Ni ban fi su hankali ba, gida ne kawai na sani. Kallon farko na ga ɗaurin kallabin ya karkata hagu, kunnen ɗaurin ya sauko kan wuya. A duniya mutum ɗaya na sani mai irin wannan ɗauri, ita ce Inna, mahaifiyarmu.

Laminu ɗan fari ne, kuma Inna ta riƙe kunyar ɗan fari yadda ta gada, ba ragi. Ana yaye shi aka kai shi gidan kakarmu Hajiya, can ƙarshen layinmu, a can ya tashi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Wancan" ne, ko "yaron gidan Hajiya". Idan ya zo gaisuwa da safe ya durƙusa a bakin madafa, tana tuƙa tuwo za ta amsa, fuskarta na kan tukunya. Ni kuwa sunana har ya gaji da bakinta: Balki zo, Balki zauna, Balki wa ya taɓa ki. Ina kan cinyarta ana yi mini kitso, shi yana tsugune yana kallon bayanta. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To wanda ƙeya kaɗai aka ba shi fa, wa zai tambaya?

Kwanon ma na san shi, don ni nake kai shi. Duk ranar da aka yanka kaza, Inna za ta zaɓi cinya ta binne a ƙarƙashin tuwo yadda ba mai gani, ta rufe, ta miƙo mini tana kallon wani wuri, ta ce, "Kai wa wancan." Saboda haka da na ji nasara yana kiran kwanon wulaƙanci, dariya ta kama ni, daga baya kuma ta koma kuka. Ina zai san cewa a gidanmu haka ake cewa ina son ka?

Sau ɗaya na tambaye shi. Na zo Lyon hutu, muna zaune a matakalar bakin kogi da la'asar, yana ɓare gyaɗa. Na ce, "Yaya, me ya hana ka buɗe kwanon? Kai ma ka san abin da ke ciki." Yana kallon ruwa ya ce, "Na sani mana, auta. Cinyar kaza na ci har na ƙoshi. Sunana nake so in ji." Daga nan ya jefe ni da ɓawon gyaɗa ya canza zance, ni ma ban sake tayarwa ba.

Bai ji ba. Wannan ita ce maganar da nake kwana da ita nake tashi da ita. Idan ya buga waya gida, Inna za ta ce, "Lafiya lau dai ko? To madalla," ta miƙa wa na kusa da ita tana cewa ga na Faransa. Yakan ce idan ya je hutu zai zaunar da ita ya nuna mata bidiyon, ko da za ta kore shi da muciya. Hutu ya yi ta zuwa yana wucewa, yau aiki, gobe takardun zama. Da aka kai gawarsa Damagaram, Inna ba ta zubar da hawaye gaban mutane ba. Tana zaune a gefen tabarma, duk wanda ya ce Allah ya jiƙan Laminu sai ta ce amin, idonta a ƙasa. Mata suka fita suna yabon ta, wai akwai ta da kara. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita na ga yadda zanenta ya riƙa yi mata yawa a cikin kwanakin nan, amma ko a gabana ba ta kira sunan ba.

Ba na zargin ta. Haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin, haka aka yi wa uwarta. Da ta rungume shi a tsakar gida, da matan unguwa sun mai da ita abin zance har ta tsufa. Abin da aka koya mata shi ne so na gaskiya ba ya bakin magana, kuma ta yi shi da iyakar gaskiyarta. Sai dai sanin haka bai rage mini komai ba. An yi wa mutum biyu asara, kuma babu wanda zan kama in ce kai ne.

Nakan tambayi kaina me Laminu zai ce da ya leƙo yau. Ɗakin da suke kiɗa ya zama wurin ajiyar kwalaye. Waƙarsa an yanka ta gutsu-gutsu, yara suna ɗora wurin da ya fi ƙara a kan hotunansu suna rawa, ba su san akwai kwano a ƙarshe ba, don ba sa kaiwa ƙarshen. Ina jin da zai yi dariya ya ce yadda suka gani haka ne. Da kuma zai tsokane ni a kan 'yata ta fari, wadda nake ƙwala wa kira a cikin jirgin RER, in sumbace ta a ƙofar lakwal, wato makarantarsu, har tsofaffin matanmu na Sevran, inda nake zaune a gefen Paris, suna cewa Balki ta zama nasara. Yarinyar kuwa sai in kira ta sau uku ba ta cire abin jin kiɗa daga kunnenta ba. Abin da wani ya mutu yana nema, wata ta same shi har ya gundure ta. Ban san ko mun ci riba ba ne, ko dai wata asarar muka sauya da wata.

Amma akwai abin da ba na so ya gani, shi ne kuma ya sa na ɗauki alƙalami bana bayan na yi shekaru ina shiru. Rikicin tsufa ya kama Inna. Da abin ya yi yawa, ta fara fita ta rasa hanyar gida, sai muka ɗauko ta ta dawo wurina a Sevran. Ta manta rasuwar mahaifinmu, ta manta a wace ƙasa take, wani lokaci ni ma takan ɗauke ni ƙanwarta. Kunyar nan ma da ta riƙe shekara da shekaru, ciwon ya tafi da ita tare da sauran. Wata rana ina zuba shinkafa, sai na ji ta ce daga falo, a sake, kamar kullum take faɗa, "Balki, Laminu ya ci?" Ludayin ya suɓuce daga hannuna. Na jingina da bango, ita kuwa sai ta maimaita, har da ƙara murya.

Tun daga ranar ba ta daina ba. Takan tsaya a taga tana duban filin da yaran unguwarmu ta Beaudottes ke ƙwallo, ta kira shi ya zo ya ci abinci. Takan ɓoye nama a ƙarƙashin shinkafarta ta ce a bar masa. Sunan da ya yi ƙarancin da har aka yi masa waƙa, yanzu ya cika gidana tun safe har yamma. Ihu bayan hari ke nan, kuma ni kaɗai ke jin zafinsa, don ita ba ta san an yi harin ba.

Kwanan baya na yi abin da shi bai samu yi ba. Na zaunar da ita, na kunna mata bidiyon. Ta ƙura ido, ta fara da cewa wannan mata ba ta iya ɗaura zane ba. Gaskiya ta faɗa, don wata ƙawarsu ce 'yar Senegal ta fito a matsayin matar. Da aka kai gada, sai na ga ta matso kusa, goshinta ya tattare. Ta ce, "Ɗan wa ne wannan yake ta kira haka? Ke baiwar Allah, ki juya ki amsa masa mana. Wace irin uwa ce ke?"

Nasara mai alƙalami ya yi fassara, ɗalibai sun yi, alhazai sun yi, babu wanda ya ce uwa. Ita kallo ɗaya ta yi ta gane, sai dai ba ta san ƙeyar wa take kallo ba.

Idan na auna abin da ya saura na Laminu, ba shi da nauyi a hannu. Kabari ne a Damagaram da ba na samun zuwa, da gita a saman kabad ɗina wadda igiyoyinta suka yi tsatsa, da waƙar da kowa ke yafawa ya ce tasa ce. Allah ya yi masa rahama, ya sa can ya fi masa nan. Na so in iya ce muku aƙalla saƙonsa ya isa, amma ba zan yi muku ƙarya ba. Ranar nan na dafa gwiwarta, na nuna mata fuskarsa da yatsa, na ce, "Inna, dubi da kyau. Laminu ne." Ta dubi mutumin da ke zaune kusa da kwano, mai gemu da rigar sanyi, ta girgiza kai.

"A'a. Laminu yaro ne, yana gidan Hajiya. Tashi ki kira mini shi, akwai abin da nake so in gaya masa."

Na ce mata to. Kullum to nake ce mata.