Ranar da na ce wa Baba "Albarka"

Shekaru da dama ke nan, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Aujara, abokan aikina suka zaɓe ni wakilinsu a ƙungiya. Ba wai na fi kowa ilimi ba ne. Baki Allah Ya ba ni, su kuma sun gaji da jin sa a ofishin malamai, shi ne suka ce in je in sauke wa manya.

A shekarar tsadar rayuwa ta sa tura ta kai bango. Malamai da ma'aikatan asibiti da na sakatariya muka haɗa kai muka nemi ƙarin albashi, aka sa zama a Dutse. Ana gobe za mu tafi, wata dattijuwa ta tare ni a bakin asibitin garinmu. Ita ke share ɗakin haihuwa, ita ke gyara masu jego, ita ta riga ni ɗaukar 'yata ta fari. Ta yi furfura a aikin nan, amma har lokacin 'yar wucin gadi ake ce mata. Ta ce ta ji za a yi ƙari, kuma ta san irinsu ba a tunawa da su sai ranar da aka ga ɗaki da datti.

"Malam, in an zo rabo, ka ce muna nan."

Na daki ƙirji na ce ta sa ranta a inuwa. Cika baki ai ba a biya masa haraji.

Muna shiga ɗakin taro gabana ya faɗi. Wanda ke jagorantar ɓangaren hukuma aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Shi ya karɓo mini aure. In na je gidansa a Takur, a soro nake barin takalmi, a ƙasa nake zama. Abokina da ke gefena ya zungure ni, ya raɗa mini cewa yau mai baki ya gamu da gamonsa.

Baba ya yi dogon bayani a kan yadda aljihun hukuma ya rame, sannan ya faɗi abin da za su iya. Gaskiya mu ma'aikatan dindindin ba a yi mana rowa ba. Amma masu shara, masu gadin makarantu da masu kula da marasa lafiya, wato 'yan wucin gadi, ya ce nasu za a duba. Duk wanda ya ci albashin gwamnati ya san in aka ce za a duba, to an binne maganar, sai dai addu'a.

Shugaban tawagarmu har ya fara gyaɗa kai. Sai Baba ya tsallake kowa ya dube ni.

"Kai fa, ɗana? Ko kana da ja?"

Tsoho da wayo! Ya san ban isa in dubi idonsa in ce a'a ba. In na faɗa, kafin in isa gida labari ya riga ni wajen mahaifiyata, cewa na yi wa Baba musu a bainar jama'a. In kuma na ce to, da wane ido zan kalli matar nan? Wallahi na ji tsoro. Na sunkuyar da kai, sai bakina ya ɗauko abin da ya saba ji a kara, inda danginmu ke cinikin shanu.

"Albarka, Baba."

Kowa ya san mai saniya ba ya ce wa mai saye a'a. In tayi bai yi masa ba, albarka yake cewa. Bai zage ka ba, bai kore ka ba, bai kuma sallama ba. Baba jikan makiyaya ne. Ya cire tabarau ya kalle ni, dariya ta ƙwace masa.

"Ja'iri, kasuwa ka mayar da mu? To me ya rage a tayin?"

"Garke ɗaya muka koro, Baba. Ba ma sayarwa a ware."

Wakiliyar ma'aikatan asibiti ta gyara mayafi ta ce ita ma albarka. Na sakatariya ya bi. Shugabanmu ya daina gyaɗa kai, aka tashi ba a sallama ba.

Kada ku zaci tafi aka yi mini a gida. Zama ya yi ta maimaituwa, wasu malamai suka daina amsa gaisuwata da kyau, suna cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ni kuma na fasa musu ƙwan. A ƙarshe aka sa 'yan wucin gadi a cikin ƙarin, namu ya ɗan ragu. Har gobe akwai masu riƙe da ni a kan haka, kuma ko a jikina. Dattijuwar nan ta ci ƙarinta har ta bar aiki.

Bayan komai ya lafa na je Takur gaisuwa, ina jiran faɗa. Baba ya bari har na gama kame-kame, sannan ya ce, "Kai kana ganin don in rufe maka baki na kira ka? Ni ma akwai na sama da ni. Da duk kun ce to, da me zan koma musu?"

Tun daga ranar na daina yarda cewa ladabi da tsayawa a kan haƙƙi ba sa zama inuwa ɗaya. Mutanenmu sun daɗe da sanin yadda ake ƙin abu ba a ɓata ba, mu ne muke mantawa da zarar mun zauna a kujerar ofis. Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa ce masa a'a ba.