Ƙamshi a Shagon Kawu Mai Agogo

A gidanmu Rediyo ake kirana, kuma ba don daɗin murya ba. Mahaifiyata ta ce tun ina goye nake ba ƙeyarta labari. Maigidana kuwa, bawan Allah, ya ƙware wajen cewa "uhm" a daidai inda ya kamata, ko da barci yake yi. Na faɗa muku wannan tun da wuri ne don ku san irin matar da ta ɗauki nauyin koya wa mai gyaran agogo natsuwa.

Kawu wan mahaifiyata ne. Tun yana saurayi yake gyaran agogo a wani ɗan shago tsakanin mai aski da mai sayar da takalma. Tebur ɗaya ne a jikin taga, an shimfiɗa masa farin ƙyalle don kada ƙananan kusoshi su ɓace. Ga hantsaki, ga 'yan sukudireba sirara kamar allura, ga gilashin da yake maƙalawa a ido ɗaya. Bango kuwa duk agogo ne, kowanne da lokacin da ya ga dama. Kawu ba mai magana ba ne. In ka gaishe shi ya amsa, to ka samu rabonka na ranar.

A bayansa akwai wata kujera mai karyayyen hannu, ta matarsa ce da muke kira Inna. Tun da 'ya'yansu suka girma, kullum sai ta biyo shi shago da kwandon saƙarta, ta zauna ta buɗe baki: wace ce ta haihu, wane ne ya sayi mota marar birki, me ya sa tumatir ya yi tsada. Shi kuma kansa a sunkuye, can ba a rasa ba ya ce, "Baiwar Allah, ki bar ni in yi aiki mana." Ita ko a jikinta. Dangi suna cewa ni na gaje ta, alhali ba mu haɗa jini ba.

Bara Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kawu bai yi kuka a gaban kowa ba. Ya buɗe shago kamar kullum, amma aiki ya ƙi. Sai ya buɗe bayan agogo, ya ɗauki hantsaki, ya zuba wa taga ido har rana ta juya. Agogunan mutane suka taru a aljihun tebur. Wani direba da ya kawo agogon mahaifinsa ya yi ta sintiri har ya daina tambaya, sai dai ya leƙo ya gaisa ya wuce.

Babban ɗan Kawu, wanda nake kira Yaya, yana aiki a wani gari mai nisa. Da ya zo ya ga halin da ake ciki, ya ce tsufa ne, a rufe shago, uban ya koma wurinsa ya huta. In ya tashi dawowa da babbar mota zai zo a kwashe kaya. Na ga yadda Kawu ya dafe teburin nan da hannu biyu. Tausayi ya kama ni, don na san raba shi da shagon nan da binne shi da rai duk ɗaya ne. Sai na ji bakina yana cewa, "Yaya, ka bar min shi. In ka dawo ka tarar aljihun tebur bai ragu ba, ni da kaina zan ɗaure kayan." Baki dai shi ke yanka wuya.

Ni ba likita ba ce, ban kuma san komai a agogo ba sai duba lokaci. Amma a waya na ga wata mata mai fararen haƙora tana nuna wata 'yar tukunyar lantarki. A zuba ruwa, a ɗiga man ƙamshi na ganyaye, ta riƙa busa tururi, wai hankalin mai aiki ya taru wuri ɗaya. Ban ko kalli bidiyon har ƙarshe ba na bazama kasuwa, na sayo tukunyar da 'yan kwalabe jingim a wurin wani mai turare.

Ranar farko na zaɓi kwalba mai shuɗin murfi, don ta dace da mayafina. Kafin in gama yi masa bayani, Kawu ya kifa kai a tebur yana minshari, gilashi na nan maƙale a ido. Da na koma wurin mai turaren ya ce ai wannan na masu rashin barci ne. Washegari na ɗauko na na'a-na'a. An ce a ɗiga kaɗan, ni kuwa na ce ɗigo ai rowa ce, na tuttula rabin kwalba. Wayyo Allah! Ido ya yi ta ruwa, hanci ya yi ta yoyo, mai aski ya shigo da reza a hannu yana tambayar wa ke mura. Ban daddara ba. Na matso da tukunyar gefen gwiwar hannunsa, don tururin ya shige hanci kai tsaye, sai ga gilashin agogon wata malama ya yi hazo ta ciki. Kawu ya tashi a hankali ya mayar da ita bakin ƙofa, ya ce, "Agogo ba ya shiri da danshi, 'yar nan."

Da ƙyar dai na gano ma'auni: lemun tsami da ɗan na'a-na'a, ƙamshi mai sanyi ba mai hawa kai ba. Kullum da safe sai in zo in zuba ruwa in ɗiga mai. Da yake hanyar da nisa, sai in ɗan zauna a kujerar Inna in huta, in yi masa bayanin amfanin lemun tsami ga ƙwaƙwalwa kamar ni na ƙirƙiro shi. Daga nan in gangara kan maƙwabciyata da kajinta, da surukar ƙanwata, da tsadar kaya.

Ikon Allah, sai ga Kawu ya kama aiki. Agogon direba ya tashi, mutumin ya kara shi a kunne yana murmushi har da ƙwalla. Aljihun tebur ya fara raguwa. Kai, kaina ya fasu! Na bi dangi gida-gida ina wa'azin man ƙamshi. Na kira Yaya na ce ya mayar wa mai mota motarsa. Har maigidana na kunna wa tukunya don ya riƙa natsuwa in ina magana, amma shi nasa ciwon ya fi ƙarfin lemun tsami.

Da na ga komai ya daidaita, na koya wa Kawu zuba ruwa da ɗiga mai da kansa, na koma kan zannuwan gadon da nake sayarwa, waɗanda na yi watsi da su. Na ɗauke ƙafa kwana biyu, ina jin kaina kamar likitar da ta sallami marar lafiya.

Sai ga wayar Yaya. Ya ce ya yi magana da mai aski, an ce tsoho ya koma kallon taga, don haka ƙarshen mako yana tafe da mota. Na shiga uku! Na zari mayafi na nufi shago.

Tun daga bakin titi nake jin ƙamshin. Tukunya na busa tururinta lafiya lau, ma'aunin ma ya fi nawa kyau. Kawu kuwa yana zaune, buɗaɗɗen agogo a gabansa, ido a taga. Raina ya ɓaci. Na faɗa kujerar Inna na shiga zazzaga masifa: lallai mai turaren nan jabu ya sayar min a karo na biyu, tun ranar farko ban yarda da gashin bakinsa ba, mutumin da ko gaisuwa bai iya ba, matarsa ma an ce...

Ina cikin haka na hango hannun Kawu ya ɗauki hantsaki. Na yi shiru ina kallo. Hannun ya tsaya cak. Na ci gaba da zancen matar mai turare, hannun ya ci gaba da aiki. Na ƙara ƙaimi, na kawo zancen ƙanenta da kakarta, muryata ta cika shago har ta danne ƙarar agogunan bango.

Kansa a sunkuye, bai ko juyo ba, ya ce, "Baiwar Allah, ki bar ni in yi aiki mana."

Sai ya ji abin da ya faɗa. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya cire gilashin daga ido, ya goge da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Ni kuwa Rediyo, karon farko tun da aka haife ni, na nemi magana na rasa. Kunya da baƙin ciki suka kama ni. Ashe duk yawon da na yi ina tallar mai, ba ƙamshi ya rasa ba, kujerar nan ce ba kowa a kai.

Ya mayar da gilashin a ido ya ce, "Ci gaba, 'yar nan. Me kakar tata ta yi?"

Hawaye na zuba na ci gaba, rabin labarin ma ƙirƙira shi nake yi.

Yaya ya zo ƙarshen mako, ya buɗe aljihun tebur, ya tsaya ya saurare ni na ɗan lokaci, ya koma da motar wayam. Tukunyar tana nan bakin ƙofa, ƙamshinta da daɗi, ba zan ci amanarta ba. Sai dai Kawu, mutumin da ke ɗaura kusar da ido ba ya gani, ya ce wai ya manta yadda ake ɗiga mai a ruwa. Don haka kullum da safe nake zuwa, da zannuwan gadona a jaka, kuma na sa kafinta ya gyara hannun kujerar.