Ƙodata Ta Dawo Bauchi a Jikin Ƙanena

Ana sallame sallar asuba muka bar Tirwun, ni da Innarmu da ƙanena, a motar da muka ɗauka shata. Kano muka nufa, asibitin da za a cire ƙodata ɗaya a dasa masa. Nasa duka biyun sun daɗe da ajiye aiki, da wankin ƙoda yake rayuwa.

Damina ce, hanyar Ningi ta yi shar, gajimare ya sauko ya kwanta a kan duwatsu. Na jingina da gilashi ina kallon gero yana wucewa, ban san barci nake ko ido biyu ba. A Ningi muka sayi masa, ta yi tsada kuma ta rame, ko kusa ba ta kama ƙafar ta kasuwar Muda Lawal ba. Ƙanena bai ci ba. Ruwa ma da murfin gora yake kurɓa, don likita ya ƙayyade masa. Da muka haye gadar Wudil kowa ya sauka ya kama ruwa, ban da shi. Jikinsa ya manta da wannan.

Kafin aikin, likitan da ke sa barci ya yi mini bayani. Ya ce zai duba da na'urar hoto, ya zuba magani da allura kusa da jijiyoyin gefen cikina, wurin ya mutu na wani lokaci, ba sai an dura mini magunguna masu sa jiri da amai ba. Na yi ta gyaɗa kai, amma hankalina yana ɗakin ƙanena.

Da na farka sai na ga silin yana lilo a hankali, muryoyi na zuwa daga nesa. Na jira ciwo, shiru. Na ja numfashi, shiru. Ni da na san raɗaɗin haihuwa, a yanka ni ban ji komai ba? Nan take na yanke cewa an fasa aikin, an sami matsala, yaron nan zai koma kan inji. Na fashe da kuka.

Ni 'yar fari ce, Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Sai ta dubi nas ta ce, "'Yar nan, ki ce wa wannan ta ɗaga riga ta duba."

Na ɗaga. Ga filasta a gefen hagu. Na taɓa wurin, kamar jikin wata nake taɓawa.

Nas ta yi dariya ta ce, "Hajiya, allurar ce. Ƙodarki tana can ta kama aiki. Ki sha ƙwayoyin nan tun kafin wurin ya farka."

Na sha. Washegari wurin ya farka kuwa, amma ciwon da sallama ya shigo, har na iya takawa ina dafa bango na leƙa ƙanena ta gilashi. Ya ɗaga mini hannu.

Mun yi makonni a gidan gwaggonmu a Kano kafin likita ya sallame mu. A hanyar dawowa, duk ramin da mota ta faɗa sai mu dafe ciki tare, ni hagu, shi dama. Tafiyar nan ta koya mini cewa ba sai abu ya yi zafi yake zama gaskiya ba, kuma in likita yana magana a kasa kunne.

Mun hango duwatsun Bauchi ke nan ƙanena ya shanye gorar ruwa ya taɓa kafaɗar direba.

"Malam, don Allah ɗan tsaya. Fitsari nake ji."

Direba ya yi tsaki, ya ce yanzu fa aka tsaya. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Tsaya masa. Ko a kowace bishiya ce, tsaya masa."